Zuwa Ga Yaya, Kan Makin Takwarar Hajiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan Sakramento lafiya lau, sai sanyi da ruwa, don a Kalifoniya damina da hunturu tare suke zuwa.

Ranar da ka tambaye ni ta nawa 'yarka ta zo a aji na ce maka 3.5 ta samu, na ji ka yi shiru, sannan ka ce ko dai yarinyar ta saki karatu ne. Layi ya katse ban ba ka amsa ba. To kwantar da hankalinka, 3.5 ɗin nan bisa 4 ne, ba bisa 100 ba. Shi ne abin da suke kira GPA, kuma tunda alli ka riƙe duk rayuwarka, bari in zana maka shi yadda yake.

Kowane darasi, malaminsa ne ke ba da harafi a ƙarshen zango, zangon kuwa biyu ne a shekara. Harafin A maki 4 ne, B 3, C 2, D 1, F kuwa babu komai. Zangon da ya wuce darasi shida ta ɗauka, ta samu A biyu, B uku, C ɗaya a kimistiri. Ka tara: 8 da 9 da 2, 19 ke nan. Raba shida, ya ba ka 3.17. To ina 3.5 ta fito? Biyu daga cikin darussan irin waɗanda ake kira AP ne, masu nauyin karatun shekarar farko ta jami'a, kuma kowannensu ana yi masa gyaran maki ɗaya. Sai 19 ta koma 21, ka raba shida, 3.5. Wato B a darasin AP daidai take da A a darasin gama-gari. Duka lambobin biyu suna kan takardar sakamakonta, kuma kowanne gaskiya ne. Ni dai babban na faɗa maka, ka san halin uba.

Harafin nan ba daga jarrabawa ɗaya yake fitowa ba. Aikin gida, gwajin mako, rubutun bincike, duk ana zubawa. Kamar adashi ne, abin da ka zuba kullum shi za ka kwasa. Akwai manhaja a wayata da ta uwarta, malami na shigar da maki muna gani. Na sha dawowa daga aikin dare in same ta a teburin kicin, shayi ya huce a gabanta, tana ƙura wa 89 ido a darasin tarihi. A yawancin azuzuwa 90 ce farkon A, don haka 89 B ce mai maki 3, 90 kuwa A mai maki 4, bambancin maki guda cur a lissafin GPA. Aikin da ba a miƙa ba kuma sifili ake rubuta masa, sifili ɗaya kuwa sai ya janyo A ta koma B.

Wani abin kuma, jami'o'in ba su cika ɗaukar lambar makaranta yadda take ba, da yawansu sake lissafi suke yi. Jami'ar Kalifoniya, wadda take hari, mai rassa tara na digirin farko irin su Berkeley da Davis da ke kusa da mu, makin aji 10 da aji 11, wato kamar SS1 da SS2 a wurinmu, kaɗai take ƙirgawa. A cikinsu ma sai darussan da ta amince da su: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi, harshen waje, zane ko kiɗa. A ɗin da ta samu a motsa jiki ba ta shiga. Ba ruwansu da B mai alamar ƙari ko ragi, B B ce. Gyaran AP ɗin ma sun yi masa iyaka, zango takwas. Ɗan jiha yana buƙatar aƙalla 3.0, na waje 3.4, amma wannan kuɗin shiga layi ne kawai. A manyan rassan, masu samun gurbi galibi sun kai 4 ko sun haura. Jarrabawar SAT ma, wadda ta yi kama da JAMB ɗinmu, sun daina dubawa.

Na san za ka ce namu ya fi sauƙi, kiredit biyar a WAEC har da Turanci da lissafi, sai makin JAMB bisa 400. Yaro zai yi wasa har SS2, ya farka a SS3 ya ci. A nan wanda ya yi barci a aji 10 ya riga ya ci bashi. Ni a ganina tsarinsu ya fi tausayin yaron da zazzaɓi zai kama ranar jarrabawa, kuma satar amsa ta yini ɗaya ba ta fisshe ka. Amma ba zan ce adalci ne tsantsa ba. A ɗin wani malami B ce a wurin wani, kuma makarantar unguwar masu hali ta fi ta talakawa yawan darussan AP.

Yanzu ga inda nake so ka taimake ni. Hajiya ta ƙulla cewa sai takwararta ta zo bikin watan Maris. Yarinyar nan aji 11 take, wannan zangon shi ne na ƙarshe da zai shiga lissafin, jarrabawar AP kuma a Mayu ake yi, takardun neman gurbi a Nuwamba. Mako uku a gida, ba kowane malami ne zai bari ta rama aikin da ya wuce ta ba. Ni zan zo da yardar Allah, ita da uwarta kuwa sai an yi hutun Yuni. Idan daga bakina Hajiya ta ji, cewa za ta yi Amurka ta cinye mana zumunci. Kai ka san yadda kake lallaɓa ta, ka zaunar da ita bayan la'asar ka faɗa mata, in ya so sai in kira daga baya in sha faɗan da ya rage.

Ka gaida Anti da yara, da mutanen masallacin unguwa. Kuɗin maganin zai shigo ƙarshen wata.

Naka,
Ƙaninka