Ina makomar masu zama tsakanin Najeriya da Nijar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan 'yan Nijar mazauna Najeriya da 'yan Najeriya mazauna Nijar, tun da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Yarjejeniyar 1979 ce ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, ya yi kwana 90. Bayan ficewar, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƙasashen uku, a bar musu 'yancin zama da sana'a, amma sai yadda hali ya yi. Ƙawancen Sahel, wanda ƙasashen uku suka kafa, shi ma ya yi irin wannan alkawari. To, sanarwa ba yarjejeniya ba ce, gobe ana iya janye ta.

Da Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a 2020, an rubuta haƙƙin mazauna cikin yarjejeniyar ficewar, aka ba 'yan Tarayyar mazauna Birtaniya zuwa 30 ga Yunin 2021 su yi rajista. Wanda ya shekara biyar ya samu izinin zama na dindindin.

Mu fa? Mai shago a Jibiya, matarsa 'yar Maraɗi, 'ya'yansu haihuwar Katsina, wace takarda zai nuna in aka tsare su a Ɗan Isa? Ina roƙon gwamnatocin Abuja da Yamai su rattaba hannu kan yarjejeniyar da za ta kare waɗanda suka riga suka zauna.

Naka,
Mai karatu daga Katsina