Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan zaɓen waƙoƙin liyafar biki

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu.

Mu masu sa muku kiɗa a bukukuwa, maganar da ke yawo a kanmu ta iso kunnenmu. Wai mun fara yanga, ana neman waƙa a wurin liyafa muna cewa babu, har wata amarya ta shigo zaure da waƙar da ba ita ta zaɓa ba. Wannan na ƙarshen ya faru, sau ɗaya, kuma mun taka har gida mun ba da haƙuri. Abin da ya hana mu barci shi ne yadda ake ba da labarin kamar da gangan muka yi.

Shekara da shekaru muna biyan kuɗin wata-wata ga wani kamfani da ke ba masu sa kiɗa waƙoƙi. Ba za mu kama sunansa ba. Rana tsaka suka sauya tsari ba tare da sun sanar da mu ba. Waƙoƙin da muke saukewa mu ajiye suka koma sai da intanet a cikin manhajarsu, wasu da yawa kuma aka cire su gaba ɗaya, wai yarjejeniyarsu da masu waƙoƙin ta ƙare. Mun rubuta musu har sau uku, amsar da ke dawowa iri ɗaya ce, da gani na'ura ce ke turo ta. A daren bikin nan mun buɗe jerin amarya muka tarar waƙarta tana cikin waɗanda aka cire, zauren kuma babu sabis ko ɗigo. Jama'a sun miƙe, an buɗe ƙofa. Me za mu yi?

An ce me ya hana mu ɗauko ta a Spotify ko YouTube. Ko da akwai sabis, ƙa'idar Spotify ta ce na sauraron mutum ne shi kaɗai, ba na sana'a ba. YouTube kuwa talla na iya faɗo maka ana tsakiyar rawa. An kuma ce ai ƙawar amarya tana da ita a waya. Tana da ita, amma ɗauka aka yi da muryar WhatsApp. Mu muna aiki da MP3 mai kilobit 320, wanda shi ne ƙarshen ingancin MP3. Waƙar da aka matse aka rage mata inganci, irin ta WhatsApp, tana da daɗi a kunnen waya, amma babbar lasifika ba ta rufa wa kowa asiri: gangar ta koma kamar ana dukan kwali, muryar kuma tana tsatsa. Da mun sa ta, mu ɗin dai za a zaga.

Saboda haka muna roƙon duk mai biki a gaba ya zauna da mu mako 2 kafin ranar. Yawancin waƙoƙi minti 3 zuwa 4 ne, wato awa ɗaya ba ta cin fiye da 15 zuwa 20. In aka cire jawabai da ɗaukar hoto, liyafar awa 4 da wuya ta wuce waƙa 60, amma sai a kawo mana jerin 200 a ce duka dole ne. Ku ware mana ta shigowar ango da amarya, ta rawarsu, da wadda iyaye za su ji daɗinta, sauran ku bar mana mu karanci zaure. Jerin waɗanda ba ku so a sa ma ya fi mana amfani. Kuma don Allah a saurari baitocin har ƙarshe, domin akwai waƙa mai daɗin kiɗa da zancen rabuwa ne daga farkonta har ƙarshenta, wata kuma ba ta jiyuwa a gaban surukai.

Masu cewa mun rage ƙara, gaskiya ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti) a matsayin iyakar ƙara a wuraren taro, kuma wasu zauruka suna da na'urar da ke yanke wuta in an wuce ma'auninsu.

Ta ɓangarenmu muna kan gyara. Muna magana da wasu mutane, akwai abubuwan da muke dubawa, in sun tabbata za ku ji.

Ba mu manta da ku ba. Hajiyar da muka yi bikin babbar 'yarta da lasifika biyu na aro, bara kuma muka yi na autarta. Alhajin da ya kira mu da kansa ya ce ya ji magana amma yana so ya ji daga bakinmu, Allah ya saka da alheri. Mun ji an ce kowane yaro mai waya da Bluetooth zai iya aikinmu. To, ba mu ce komai ba.

Duk wanda ya kama rana da mu, ranarsa tana nan. Wanda yake tunanin janyewa kuma, don girman Allah ya kira mu tukuna.

Naku,
Masu kula da kiɗa da sautin bukukuwanku