Kafin ku dawo mana da allon RS-485, ku auna layin

Zuwa ga abokan cinikinmu, assalamu alaikum.

Sau da yawa allon RS-485 (tsarin da na'urori ke aika wa juna bayanai ta tagwayen waya) da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, layin da aka ɗora shi a kai ne ke da matsala. Don haka muna roƙonku ku yi ɗan bincike kafin ku kwance shi.

Ku kashe wuta, ku ɗora na'urar awo tsakanin A da B, wato wayoyin sigina biyu na layin. Ya kamata ku ga om 60 ko kusa da haka, wato rezista biyu masu om 120, ɗaya a kowane bakin layi. In kun ga 120, ɗaya daga cikin bakunan biyu ba shi da rezista. In kun ga 40, an sa uku, kuma galibi jamfa ce (ɗan mahaɗin da ke kunna rezistar allo) aka manta a kan wata na'ura da ke tsakiya.

Amfanin rezistar nan shi ne ta shanye sigina idan ya iso ƙarshen waya. Sigina na cin mita ɗaya a kusan nanosakan 5. In ya iso bai tarar da mai shanye shi ba, sai ya juyo kamar amsa-kuwa ya gwamutse da abin da ke tafe. A layin mita 10 mai gudun bit 9600 a sakan ba za ku lura ba, domin kafin a karanta bit ɗin ya riga ya lafa. Amma a mita 500, zuwa da dawowa mikrosakan 5 ne, bit ɗaya kuma a gudun 115200 bai kai mikrosakan 9 ba. Nan saƙo ke fara zuwa a gurɓace. Yawan rezista ma illa ne: an ƙera cif ɗin da ke tura sigina a allon ya ba da aƙalla bolt 1.5 a kan nauyin om 54, in aka ƙara masa kaya sai ya ɗau zafi, siginar ta raunana. Masu amfani da wayar Cat5 su sa om 100, don shi ne daidai da ita.

Layin ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya, kada a fitar da rassa masu tsawo daga tsakiya. Inda ba makawa sai an yi reshe, mun fi son cif ɗin MAX487 a kan MAX485. Gudun MAX487 bai wuce kilobit 250 a sakan ba, amma siginarsa ba ta tashi da sauka da kaifi, kuma layi na ɗaukar har 128 irinsa maimakon 32. Ga mai aikin Modbus (ƙa'idar musayar saƙo tsakanin na'urori) a 9600 ko 19200, saurin MAX485 ba ya ƙara masa komai sai hayaniya.

In kuna ganin haruffan banza alhali ba wanda ke turawa, layin ne ke shawagi. Mai karɓa yana buƙatar bambancin milibolt 200 tsakanin wayoyin biyu. Rezista biyu masu om 680, ɗaya zuwa bolt 5, ɗaya zuwa GND (wayar sifilin bolt), suna ba da kusan 210. A wuri ɗaya tak ake sa su.

Wayar GND kuwa ita aka fi rainawa, rashinta ne kuma ke ƙona cif. Abin da yake jurewa daga bolt 7 ƙasa da sifili ne zuwa 12 sama da shi. Ku ja waya ta uku tare da tagwayen. In layin zai tsallaka daga gini zuwa gini, ku ɗauki allo mai keɓe wuta, ku ƙara masa kariyar TVS (mai tare wutar da ta yi tsalle farat ɗaya) irin SM712.

Masu rubuta manhaja, kada ku saki ƙafar DE (wadda ke ba cif damar turawa) da zarar ma'ajiyar turawa ta zama fanko. Ku jira bit na ƙarshe ya fita, in ba haka ba za ku yanke wa saƙon wutsiya. Sannan kamfanoni ba su daidaita a kan wace ce A wace ce B ba. In shiru ya yi yawa, ku musanya su, ba abin da zai ƙone.

In duk da haka bai tashi ba, ku aiko shi tare da awon da kuka samu tsakanin A da B, tsawon waya da irinta, gudun layi da yawan na'urorin da ke kai.

Naku,
Sashen fasaha