Hannuwan Yaya Sun Warke, Saura Batun Hanta

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, wasiƙarka ta iso, kuma na yi murna da jin cewa bororon da ke fitowa a bayan hannuwan Yaya ya bushe, fitsarinsa ma ya daina yin ja. Sai dai maganar da ka yi cewa ba ya ganin dalilin komawa asibiti ta hana ni sukuni.

Ciwon nan da likitoci ke kira porphyria cutanea tarda a fata yake nuna kansa, amma tushensa yana cikin hanta. Wani sinadarin hanta da ke taimakawa wajen haɗa jan launin jini ne ke raunana, sai abin da bai gama sarrafawa ba ya taru, ya bi jini zuwa fata, hasken rana kuma ya tayar da shi. Abubuwan da ke jawo wannan rauni, wato taruwar sinadarin ƙarfe a jiki da ciwon hanta nau'in C da barasa, su ne dai ke cin hanta sannu a hankali har ta yi tabo ta ƙandare, a nan kuma sankara ke samun ƙofa. Wani bincike da aka wallafa daga Norway a 2019 ya gano cewa haɗarin sankarar hanta ga masu wannan ciwo ya kai kusan ninki 20 na sauran jama'a. Kada adadin ya tayar maka da hankali, domin mafi yawansu ba sa kamuwa, amma sankarar hanta ba ta sallama, sai ta yi nisa ake jin ta a jiki.

Don Allah ka lallashe shi ya koma. A gwada shi ko yana da nau'in C, wanda ƙwayoyin mako 8 zuwa 12 ke warkarwa a yanzu, a kuma ci gaba da auna ƙarfen jikinsa, tunda yana iya sake taruwa bayan an daina ɗibar masa jinin da ake yi don rage ƙarfen. Idan aka ga tabo a hantar, hoton ciki duk wata 6 ya zama wajibi. Klorokwin kuwa, da ake bai wa wasu ɗan kaɗan sau biyu a mako, kada ya kuskura ya sha shi irin shan zazzaɓin cizon sauro, domin yawan nan yana iya ji wa hantarsa mummunan rauni.

Ka yi masa sannu da jiki, ka kuma sanar da ni sakamakon gwajin da zarar ya fito.

Naka har kullum,
Amininka