Wasiƙa zuwa ga aminina a kan na'urarsa mai ƙona auduga

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya kuma haƙuri da zaman nesa? Allah ya sa komai yana tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso, kuma abin da ya fi faranta mini rai a cikinsa shi ne jin cewa har yanzu ba ka koma wa taba ba. Abin da ya tayar mini da hankali kuwa shi ne inda ka ce sigarin lantarkin nan ya ishe ka, yau tururi kaɗan, gobe ɗanɗanon ƙonanniyar auduga, har ka fara tunanin jefar da shi ka sayi kara ɗaya ka huta. Don Allah ka dakata. Duk matsalolin da ka lissafa na san su, kuma kusan dukkansu tushensu ɗaya ne, wato yadda tsarin saita zafi na na'urar yake aiki.

Na'urarka ba ta da ma'aunin da ke auna zafin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ɗumama ruwan sigarin da audugar ta tsotso har ya zama tururi. Babu wani abu da yake taɓa kwayil ɗin ya ji zafinsa. Lissafi take yi. Akwai ƙarafan da idan suka yi zafi turjiyar da suke yi wa wutar lantarki tana ƙaruwa, kuma ƙaruwar tana bin ƙa'ida sananniya. To, na'urar tana riƙe turjiyar kwayil lokacin da yake a sanyaye, tana kallon yadda take hawa idan ka danna maɓalli, daga nan ta ƙiyasta zafin da ya kai. Da zarar ƙiyasin ya kai adadin da ka saita, sai ta rage wuta. Kamfanin Evolv na Amurka ne ya yaɗa wannan dabara a shekarar 2014 da allon wutarsa mai suna DNA 40, sauran kamfanoni suka bi sahu. Saboda haka abu biyu kawai take dogara da su: turjiyar farko, da lambar da ke nuna yadda ƙarfen yake sauyawa da zafi, wadda za ka gani a fuskar na'urar an rubuta TCR. Ɗaya daga cikinsu ya kauce, duk lissafin ya kauce.

Fara da ƙarfen. Ka ce kwayil ɗin da kake sakawa su ne waɗanda suka zo tare da tankin, amma ba ka faɗa mini abin da aka rubuta a jikinsu ba. Duba da kyau. Idan Kanthal ne, ko nikrom wanda ake rubutawa Ni80, to ba za su taɓa yin aiki a tsarin saita zafi ba, domin turjiyarsu kusan ba ta motsi komai zafin da suka yi. Na'urar za ta jira ta ga hawa, ba ta gani ba, sai ta fitar da kai ta mayar da kai tsarin wat, inda ƙarfin wuta kawai ake saitawa ba zafi ba. Ina kyautata zaton wannan ne dalilin da ya sa ka ce tana sauya tsari da kanta. Haka ma kwayil ɗin da aka naɗe ƙarfe biyu daban a jikinsa, idan cikinsa Kanthal ne bayansa wani abu, shi ma ba ya yi. Waɗanda ke yi su ne nikel zalla mai alamar Ni200, da titaniyom, da ƙarfen nan da ba ya tsatsa mai alamar SS316L ko SS304. Kada Ni80 ta ruɗe ka da Ni200, sunansu ne kawai ya yi kama.

Kowannensu da lambarsa. Ta nikel tana kusan 0.006, ta titaniyom kusan 0.0035, ta SS316L kuwa kusan 0.00092. Yawancin na'urori suna gajarta su, sai ka ga 600 ko 350 ko 92. Idan ka saka SS316L amma ka bar na'urar a kan nikel, za ta yi ta jiran hawa mai yawa da wannan ƙarfe ba zai taɓa kaiwa ba, ta yi ta tura wuta har audugar ta ƙone. Idan kuma akasin haka ne, nikel a kan saitin SS, tun kafin kwayil ya ɗumama za ta ɗauka ya yi zafi fiye da kima, ta yanke wuta, kai kuma ka zuƙi iska.

Yanzu ga inda nake so ka fi mayar da hankali, wato turjiyar farko. Ka ɗauki kwayil na SS316L mai om 0.5, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, turjiyarsa za ta ƙaru da om 0.092 kacal. Ka ga ƙanƙantar tazarar da na'urar ke aiki a cikinta. Ma'ana kuskuren om 0.01, wanda ido ba ya ma lura da shi a fuskar na'ura, daidai yake da kuskuren digiri 20 da ɗoriya. Kamar sikeli ne da ba a mayar da shi kan sifili ba kafin a fara awo, duk abin da aka ɗora masa daga baya ƙarya zai faɗa. Shi ya sa idan ka ɗaura tanki na'urar ta tambaye ka ko sabon kwayil ne, amsar da za ka bayar take da muhimmanci, haka ma lokacin da ka ba da ita. Idan kwayil ɗin yana da ɗumi saboda yanzu ka gama zuƙa, ta kulle turjiya mai yawa a matsayin ta sanyi, daga nan duk ƙiyasinta zai yi ƙasa da gaskiya, ta ba ka zafin da ya wuce wanda ka nema. Abin da za ka yi shi ne ka kwance tankin, ka ajiye shi tare da na'urar a wuri ɗaya mai inuwa kamar minti 15, su huce tare, sannan ka ɗaura, ka amsa cewa sabo ne, ka kulle turjiyar. Na'urori da yawa suna ɗauka zafin ɗaki kusan digiri 20 ne, don haka kada ka yi wannan a cikin motar da ta sha rana ko a gaban na'urar sanyaya ɗaki.

Ka rubuta lambar da ta kulle a takarda. Washegari da safe, kafin ka zuƙa ko sau ɗaya, buɗe kullen ka sake dubawa. Idan lambar ta yi tsalle, to laifin yana mahaɗa. Ɗan tsinken nan na ƙasan tanki da ramin da yake shiga, wanda ake kira 510, ruwan sigarin yana gangarawa ya taru a wurin, ƙura ta manne. Goge shi da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Ɗaura tankin ya zauna daram, ba tare da ka matse shi da ƙarfin tsiya ba. Idan kai kake naɗa kwayil da hannunka, ka bi ƙananan notocin da ke riƙe ƙafafunsa ka ƙara ɗaure su, domin zafi da sanyi suna sassauta su a hankali, musamman a kan nikel da yake da laushi. Noti ɗaya ya yi sako-sako, turjiya ta ƙaru, na'urar ta ɗauka zafi ne ya kai, sai ta rage wuta. Wannan shi ne tururin nan maras ƙarfi da ke zuwa ya tafi ba tare da ka taɓa komai ba. Kuma ka bar ɗan fili tsakanin zagayen kwayil ɗin, kada su haɗu da juna, domin inda suka taɓa wuta tana tsallakewa, karatun ya riƙa rawa.

Batun zafin da za ka saita ba shi da wahala. Na'urorin suna ba da daga digiri 100 zuwa 315 a Salshiyos, wato 200 zuwa 600 a Faranhait. Ka tabbatar da wanne ne a fuskar taka, domin 220 a Faranhait ɗumi ne kawai, ba zai ba ka komai ba. Fara daga 200 a Salshiyos, ka riƙa ƙara biyar biyar har ka sami abin da ya yi maka. Yawancin mutane suna tsayawa tsakanin 200 da 250. Ruwa mai kauri yakan so zafi fiye da mai tsinkewa, saboda gilisarin, sinadarin da ke sa ruwan kauri, ba ya tafasa sai wajen digiri 290, shi kuwa ɗayan sinadarin da ake rubutawa PG yana tafasa a 188. Wat ɗin da ake saitawa a wannan tsari aikinsa kawai saurin kai kwayil ga zafin da ka zaɓa. Ya yi kaɗan, ba zai kai ba. Ya yi yawa, sai ka ji tururin yana zuwa yana yankewa. Idan kuma ka ga saƙon kariyar zafi yana ƙyaftawa alhali komai daidai yake, duba tankin, wataƙila ruwa ya ƙare ko audugar ta cika yawa har ba ta tsotsa da sauri. A nan na'urar aikinta take yi.

Da ni ne kai, SS316L zan tsaya a kai in manta da sauran. Yana aiki a tsarin zafi da na wat duka, ko na'urar ta fitar da kai ba abin da zai faru. Nikel da titaniyom kuwa haɗari ne a tura musu wuta a tsarin wat, kuma ba a gasa su a bushe har su yi ja don tsaftacewa, saboda tsatsar da ke fitowa a jikinsu ba abin shaƙa ba ce. Idan ka ga farin gari a kan titaniyom, jefar da shi. Ita ma zuƙar nan mai ɗanɗanon ƙuna kada ka daure mata, domin idan ruwan ya ƙone sinadarai masu cutarwa irin su fomaldehaid suna ƙaruwa.

Sai batir. Duba rigar ledar da aka lulluɓe shi da ita, idan ta yage ko kaɗan kada ka sake saka shi sai an sake masa wata. Kada ka jefa shi aljihu tsirara tare da makulli ko kwabbai, ka samo masa ɗan akwatin roba. Idan na'urarka mai batir biyu ce, su zama iri ɗaya, saye ɗaya, ana cajinsu tare ana amfani da su tare. Wannan ya fi duk maganar da na yi a sama muhimmanci a wurina, domin batir ne ke ƙona cinya da fuska.

Kuma ka san ra'ayina, ba zan ɓoye maka ba. Na'urar nan ba ta da hayaƙin taba, amma nikotin ɗin yana nan da jarabarsa. Ina so idan ta daidaita ka fara sauka da ƙarfin ruwan mataki mataki, har ranar da za ka rubuto mini ka ce ka ajiye ta gaba ɗaya. Kafin nan ka riƙa ɓoye kwalaben ruwan inda yara ba za su kai ba, guba ne a gare su.

Ka aiko mini da abin da aka rubuta a jikin kwayil ɗin, da lambar turjiyar da ta kulle, da sunan na'urar, in faɗa maka saitin da ya dace. Ka gaishe mini da uwargida da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sada mu da alheri.

Naka amini har kullum.