Rahoton Ayyukan Shekara Na Ƙungiyarmu Ta Manoma Da Masu Lambu, Maraɗi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne, maza da mata.

Aikin da ya fi cin kuɗin ƙungiya bana shi ne famfon hasken rana da muka kafa a lambunan bakin Gulbi, kuma shi ne ya fara maido da su. Ba wanda ya manta 2023. A watan Mayu Najeriya ta janye tallafin mai, kwalbar 'yan ruwa-ruwa ta yi tashin gwauron zabo, a Agusta kuma aka yanke wutar da take ba mu. Mai injin ban ruwa ya koma zaɓe tsakanin shayar da tumatir da kai cefane gida. Bana waɗanda famfon ke kaiwa gare su sun fid da zogale, albasa da kabeji ba tare da sayen ko lita guda ba, kuɗin man ya koma taki da iri.

Sai dai mun sha kunya da hunturu. Ruwa ya ragu a bakin tiyo, aka yi ta cewa an sayar mana da jabu. Muka ɗauko mai gyara daga cikin gari, muka biya masa kuɗin mota. Ya hau, ya sa yatsa ya rubuta sunansa a kan ƙurar da ta rufe faifan hasken rana, ya ce a ba shi tsumma da ruwa. Ke nan gyaran! Tun ranar aka raba shafar faifan tsakanin matasa, kowace safiya kafin rana ta ɗaga.

Sassabin zamani kuwa, wato renon tohon itatuwan da ke fitowa da kansu a gona, bai ci mana ko dala ba. Abin namu ne, a ƙasar Maraɗi Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara shi da manoma a 1983, yau ana ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Mun kai membobi Ɗan Saga ta ƙasar Agye, suka ga yadda ake zaɓen tohon kututture masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran, da yadda kwamitin gari ke tsaron itatuwa daga masu sara. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Dattawa sun san wannan tuntuni. Samarinmu ne suka tsaya baki buɗe.

Dashen 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, bai yi kyau ba. Mun dasa, an ɗauki hoto, ba mu yi shinge ba, awaki suka gode mana.

Ɓangaren mata ya rarraba murhun Mai Sauƙi, murhun ƙarfe mai rage cin icce. Sun shaida cewa ƙunshin icce na daɗewa, hayaƙi ya ragu, ga shi iccen da ke zuwa daga wajen dajin Baban Rafi kullum ƙara tsada yake. Ƙorafinsu ɗaya: tukunyar tuwon babban gida ba ta zama a kansa, har wasu sun koma duwatsu uku. Mun yi magana da maƙera su ƙera manya.

Saura batun asusun gyara. Famfo ba ya shan mai, amma ranar da ya tsaya kuɗi zai nema, kuma da yawanmu ba su cika zubinsu ba. Ma'aji zai karanto lissafi a babban taro, a nan ne kuma za a yanke ko famfo na biyu zai je lambun mata, kamar yadda suka nema.

Magatakardan ƙungiya