Wasiƙa ga Iyaye: Abin da Ya Sa Yaranku Ke Cire Tsinken Tsintsiya

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu na ajin SS1, ɓangaren kimiyya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya hidima da yara? Allah ya saka muku da alheri.

Cikin makonnin nan wasu iyaye sun iske mu a ofis, wasu kuma sun aiko, duk da tambaya guda: me ya sa yaro zai dawo gida ya hau zare tsinken tsintsiya, ya zauna bayan ɗaki yana kwaɓa yumɓu, in an yi magana ya ce aikin makaranta ne? Wata Hajiya ma ta ce tsintsiyarta ta rame. Yaran gaskiya suka faɗa, ni na sa su. Shi ya sa Shugaban Makaranta ya ba ni filin wasiƙar wannan wata in yi muku bayani.

A darasin kemistiri na zangon nan mun shiga babin yadda ƙwayoyin atam ke haɗuwa su ba da abubuwan da muke gani, irin su ruwa da gishiri da iska. Kowane atam yana da cibiya, a kewayenta kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron, waɗanda J.J. Thomson ya gano a Ingila a 1897. A 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, ya kawo bayanin cewa zamansu hawa-hawa ne. Ni dai a aji da sahun masallaci nake kwatanta musu: sai na gaba ya cika ake fara na baya. Sahun farko biyu kawai yake ɗauka, na biyu takwas, na uku ma a sinadarai 20 na farko da muke karantawa yanzu takwas yake ɗauka kafin a buɗe na huɗu. Atam ɗin da sahunsa na ƙarshe bai cika ba shi ne marar natsuwa, kullum yana neman wanda zai haɗu da shi.

Ɗauki gishirin miya. Sodiyam yana da ilektiron 11, wato 2, 8, 1: guda ɗaya tilo a sahun ƙarshe. Kulorin yana da 17, wato 2, 8, 7: saura ɗaya ya cika. Sai sodiyam ya miƙa nasa, kulorin ya karɓa, kowa sahunsa ya kammala. Daga nan suka zama masu caji kishiyar juna, kamar kan batir da gindinsa, suka manne. Wannan shi ne ɗaurin ayonik. Abin mamaki, sodiyam in yana shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi da ake yankawa da wuƙa, in ya taɓa ruwa ya hau tafasa har ya kan kama wuta, kulorin kuma iska ce mai guba. Haɗuwarsu ce kantun gishirin da raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma. Ƙarfin ɗaurin ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801, alhali sukari a tukunyar mai alewa ma yake narkewa.

Akwai ɗauri na biyu, wanda ba mai bayarwa ba mai karɓa, sai tarayya a kan ilektiron biyu-biyu. Kamar katangar da ke tsakanin gidan maƙwabta biyu ce, kowa in yana lissafin katangun gidansa sai ya sa da ita. Ana kiransa kobalen. Gilbert Lewis na Amurka ne ya bayyana shi a 1916, kuma ɗige-ɗigen da kuke gani yara na zanawa a gefen haruffa cikin littafinsu hanyarsa ce.

Har nan yaranmu ba su da matsala, domin sun iya hadda. Kowa zai kawo maka 2, 8, 1 ba tuntuɓe. Inda suka faɗi a gwajin tsakiyar zango shi ne siffa. Molakul shi ne dunƙulen atam da suka ɗauru da juna. Da yawansu sun zana molakul ɗin metan, iskar nan da ake samu daga kashin shanu a yi girki da ita, mai atam ɗin kabon ɗaya a tsakiya da haidirojin huɗu a kewaye, a shimfiɗe kamar mararrabar hanya, kowace kusurwa digiri 90. Ban ga laifinsu ba, don allo da takarda a shimfiɗe suke, molakul kuwa yana da gaba da baya da sama da ƙasa.

Sai na je kasuwa na sayo balan-balan. Muka hura huɗu daidai wa daida, muka ɗaure bakinsu wuri guda, muka ajiye a kan tebur. Ba wanda ya shirya su, amma sai uku suka zauna a ƙasa kamar duwatsun murhu, ta huɗu ta miƙe sama kamar an ɗora tukunya. Wani yaro ya danne su da tafin hannu don su kwanta, yana saki suka koma yadda suke. Na ce masa to haka ilektiron ke yi, cajinsu iri ɗaya ne, don haka kowane biyu na ture sauran har sai sun sami iyakar tazarar da za su iya. A metan tazarar digiri 109.5 ce. Wannan ƙa'ida masanan kemistiri Gillespie da Nyholm ne suka daidaita ta a 1957. Kafin a tashi biyu daga cikin balan-balan ɗin sun fashe, ajin ya kaure da ihu, har malamin lissafi na maƙwabtanmu ya leƙo. Daga ranar na koma yumɓu da tsinke.

Ruwa ne na fi so su gane, kuma a kansa na fi daɗewa. Oksijin yana da 2, 6. Ya yi tarayya da haidirojin biyu, sai ilektiron huɗu suka rage masa, biyu-biyu, ba su ɗaure da kowa ba. Waɗannan marasa aikin sun fi cin wuri, sai suka danne haidirojin ɗin biyu, molakul ɗin ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu, kusurwarsa digiri 104.5. Ga shi oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron, don haka gefensa ya ɗan ɗauki caji, gefen haidirojin ya ɗauki kishiyarsa. Da wannan ruwa yake fizgar sodiyam da kulorin ɗaya bayan ɗaya har gishiri ya ɓace a miya. Man gyaɗa da manja ba su da irin wannan gefe biyu, shi ya sa suke tasowa a kai komai juyawa. Sabulu kuma kansa na son ruwa, jelarsa na son mai, da haka yake fitar da maiƙo daga kwano. Iskar da ke fitowa in an buɗe lemon kwalba, kabon ɗaya tsakanin oksijin biyu, ita a miƙe take sak, digiri 180, jan dama ya kashe na hagu. Amoniya da ake yin takin yuriya da ita tana da siffar ɗan dala, kusurwa kusan 107.

Ga wani abin da ya sa ajin ya yi tsit. Iskar da ke ba ruɓaɓɓen ƙwai warinsa 'yar uwar ruwa ce a tsari, sulfa ne kawai ya maye gurbin oksijin, ta ma fi ruwa nauyi, amma tun wajen digiri 60 ƙasa da sifili take tafasa. Ruwa kuwa sai 100, saboda molakul ɗinsa na riƙe da juna ta wannan gefe biyu. Da ba don haka ba, da ba abin da zai zauna a randa.

Roƙonmu gare ku kaɗan ne. Kowane ɗalibi zai kawo siffa huɗu da ya ƙera da hannunsa: ruwa, metan, amoniya da iskar lemon kwalba. Ba sai an sayi komai ba, yumɓu da tsinke sun isa, wanda bai sami yumɓu ba ya yi da ƙwallon dabino ko murfin kwalba. Kada a yi da abin ci. Bara wata ɗalibarmu ta yi nata da ƙuli-ƙuli da dare, kafin gari ya waye ƙaninta ya cinye kabon ɗin. In kun sami sarari ku ce yaron ya ɗauki siffar ruwa ya faɗa muku da Hausa abin da ya sa ta lanƙwashe. Ko ba ku yi kemistiri ba za ku gane in hadda yake yi. A jarrabawar WAEC da NECO da Turanci zai amsa, amma na lura wanda ya kasa faɗa da harshen gida yawanci a takardar ma ya kan kasa.

Sai gargaɗi guda. Mun nuna musu cewa ruwan gishiri na ɗaukar lantarki har ƙaramin ƙwan fitila ya kawo haske, ruwan sukari kuwa ba ya ɗauka. Da batirin tocila muka yi. Mun ji wasu na cewa za su gwada a gida. Don Allah a sa ido, kada yaro ya kusanci soket ɗin bango ko wayar janareta da sunan gwaji.

Za a karɓi aikin ranar Litinin ta mako na tara, a ɗakin gwaje-gwaje, kafin a shiga darasin farko. A sa su cikin kwali, a rubuta sunan ɗalibi da ajinsa a jiki, kuma yumɓun ya kwana biyu a inuwa ya bushe, domin in an shanya shi a rana tsagewa yake yi.

Wassalam,
Malamin Kemistiri, a madadin Shugaban Makaranta